Allurar da Aka Yi wa Gidan Kawuna

Da can, idan gwamnati na son ma'aikaci a yankinmu, gida take nema, ba mutum ba. Saƙo ya zo wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya dubi gari ya ce gidan wane su kawo mutum ɗaya. Wanda aka rubuta sunansa daban, wanda ya zo da tsintsiya daban, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan ha'inci. Yau babban wa ya zo, gobe ƙane, ranar kasuwa a turo duk wanda ba shi da abin sayarwa. Albashi ya shiga hannun maigida kamar yadda gero ke shiga rumbunsa. Yanzu kuwa, a asibitin garinmu dai, duk wanda ka gani yana aiki, fuskarsa ce a katin da ke wuyansa. Mutane suna cewa ni na kawo wannan. Kaɗan ne ke faɗa da yabo. Ban musa ba, ni ne, kuma ba haƙuri na zo bayarwa ba.

Na bar garin nan ina saurayi, a bayan motar gyaɗa. Na yi yaron mota, na yi tuƙi tsakanin Marwa da Garwa da Njamena, a nan bakina ya kama Fulatanci da ɗan Faransancin hanya. Na tsinci auduga a Sudan. Daga ƙarshe na zauna a Jidda, a wani kamfani da ke sharar asibitoci, na fara da goge ƙasa har na zama shugaban leburori. Da gemu ya yi fari na dawo gonar mahaifina, a ƙauyenmu da ke tsakanin Bagwai da Dawakin Tofa. Na tarar da ƙasar ta ƙara matsewa fiye da yadda na bar ta. Gona manne da gona, ba daji ko na kiwon akuya. Idan ka yi atishawa a gonarka, maƙwabci ne zai amsa maka daga tasa.

A shekarun ne gwamnati ta rage ɗaukar masu shara da masu gadi da kanta, ta koma ba 'yan kwangila. Na yi wa ɗan kamfanina rajista, na nema, Allah ya ba ni na asibitin yankinmu. Abokan nema suka ce in sa hannu kawai, sharuɗɗan ado ne, ba mai karanta su. Ni na karanta, don da irinsu na ci abinci a ƙasar wasu. Ba su da wuya. Kada a ɗauki wanda bai kai shekara goma sha takwas ba. Kowa a duba lafiyarsa, a yi masa bita, a sa shi cikin inshora, albashinsa ya shiga asusunsa. Wanda zai taɓa sharar ɗakin magani a yi masa rigakafin ciwon hanta, a ba shi safar hannu da takunkumi da dogon takalmin roba. Sannan ba a yarda wani ya tsaya wa wani ba sai da sanin ma'aikatar lafiya a rubuce.

Ma'aikatan na gada ne daga ɗan kwangilar da ya gabace ni. Na tara su a gindin darbejiya na ce zancen turo ƙane ya ƙare. Suka ce to, Alhaji, Allah ya ba da iko. Na san ma'anar wannan to ɗin, ai ni ma a nan aka haife ni. Masu sharar fili da masu gadi na bi su ɗaya bayan ɗaya, aka yi ɗan gunaguni, aka gyara sunaye. Wanda ban taɓa kawo shi a raina ba shi ne mai ƙona shara a bayan asibiti, inda ake kai kwalayen allurai da audugar jini da abin da ya fito daga ɗakin haihuwa. Sunan da ke kan wannan aiki na taubashina ne, babban ɗan kawuna.

Kawu ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu a gandu ɗaya: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Babban shi ne mai gandu, sa'ana ne, mai baki, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ƙaramin shi ma ba yaro ba ne, da matarsa da 'ya'yansa, har furfura ta fara leƙo masa, amma idan wansa na wuri ba ka jin muryarsa. Ranar bita babban ne ya zo, da farar riga da hula zanna, ya zauna a gaba. Ya naɗe hannun riga aka yi masa allura yana zolayar babbar nas, wata Babarbariya da iyayenta suka daɗe a Kano, wai hannunta ya fi ƙaya zafi. Ya karɓi takalmi da safa ya tafi. Ya dawo ya karɓi sauran alluran a kan lokaci. Na ce a raina, ko ba komai ɗan'uwana bai ba ni kunya ba.

Sai da damina ta sauka na gane. Wata safiya na yi sammako na zagaya bayan asibiti, na hangi mutum sunkuye a bakin ramin, hayaƙi na tashi. Ƙaramin ne. Silifas ne a ƙafarsa, hannunsa tsirara, yana tura wani jiƙaƙƙen kwali da ƙafa, alluran sun huda gindinsa sun leƙo.

Na ce, "Ina yayanka?"

"Yana fadama, Alhaji."

"Takalmin fa?"

"Yana ƙafarsa. Ka san fadama da matsattsaku."

"Tun yaushe kake wannan aikin?"

"Ai ni nake yi tun zamanin wancan ɗan kwangilar."

"An yi maka allurar?"

"An yi mana."

"Ku su wa?"

"Gidanmu. Yaya ya karɓa."

Na dube shi ko zai yi dariya. Bai yi ba. Shi a ganinsa ya ba ni cikakkiyar amsa. Na ce ya ja da baya daga ramin, ya je ya wanke hannu da sabulu, kada ya sake taɓa komai. Ni kuwa na kama hanyar fadama.

Babban yana cikin shinkafa, ruwa har ƙwauri, ya hango ni tun daga nesa.

"A'a, bawan gidanmu! Yau Balarabe ne a cikin taɓo? Tsaya daga nan, kada ka ɓata takalmin Jidda."

"Kai kuma fito ka cire na gwamnati, sarkin gandu."

"Na gwamnati? Ni gwamnatin ta ba, ko akwai wani?"

"Mai ƙona shara ta ba. Kai me ka ƙona? Ko sigari ba ka sha."

Ya yi dariya har ya dafa fartanya. Ya fito muka zauna a kan kunya. Na ce masa ya yi mini bayani, ta yaya allurar da aka soka a damtsensa za ta bi hanya ta shiga jikin ƙanensa.

"Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya muka sha. Duk yawon nan naka ba a koya maka jini ba?"

"To gobe ka ci tuwo a madadinsa, mu ga ko zai ƙoshi."

Nan ma ya yi dariya, amma ba ta yi tsawo ba. Ina jin rabi ya yarda da abin da ya faɗa, rabi kuwa bai taɓa tsayawa ya yi tunani ba. An ce gida ya kawo mutum, ya je a matsayin gida, kamar yadda yake zuwa ta'aziyya da ɗaurin aure a madadin kowa. Da na ce dole suna ya koma kan wanda ke aikin, sai ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya yi mini maganar da har yau ban raina ba.

Ya ce, "Ka san gonar da Baba ya bari. Idan aka raba ta, ba wanda za ta ciyar. Albashin nan shi ne takinmu, shi ne maganin Inna, shi ne makarantar yaransa da nawa. Ka taɓa jin na ci ni kaɗai? Ni na yi masa aure. Ni na yanka ragon sunan kowane ɗansa. Amma ranar da waya ta yi ƙarar shigar albashi a aljihunsa ba a nawa ba, gandu ya mutu. Na gani a gidajen mutane, ba labari aka ba ni ba."

Gaskiya ya faɗa, ba ya ci shi kaɗai. Kuma ni na san darajar gandu fiye da yadda yake tsammani. Na zauna inda mutum zai yi zazzaɓi a ɗaki ba mai leƙo shi sai mai karɓar haya. Amma na ga wani abu kuma. A Jidda akwai wani mutumin Damagaram da ke aiki da katin ɗan garinsu, kowa ya sani, kowa ya yi shiru don taimako. Ya faɗo daga tsani yana goge tagogi. A asibitin da yake sharewa ɗin aka ƙi karɓarsa a matsayin ma'aikaci, kamfani ya ce bai san shi ba, masu inshora suka ce mutuminsu yana nan lafiya, ga shi can yana shan shayi. A Sudan ma haka na gani, gona da sunan wani, maciji kuwa mai tsinka yake sara. Ko'ina na je, idan suna da jiki suka rabu, jikin ne ke shan wuya. Na ba shi labarin nan a taƙaice.

Ya ce, "Can ba su da 'yan'uwa. Nan idan wani abu ya same shi, ni zan ɗauke shi."

"Za ka ɗauke shi zuwa ina? Ciwon hanta ba ya jin maganar yaya."

Na kawo masa hanya mai sauƙi. A sa sunan ƙaramin, a yi masa allura, idan albashi ya shigo ya ciro ya kawo masa da hannunsa. Gwamnati ba ta tambayar abin da mutum ya yi da haƙƙinsa. Ya girgiza kai tun kafin in gama.

"Abin da na karɓa na raba daban, abin da ƙanena ya miƙo mini daban. So kake in zauna a zaure ina jiran sadakarsa?"

"To ka zo ka yi aikin da kanka. Sunanka ne, an yi maka allura, ga takalmi a ƙafarka."

"Kana ganin ba zan iya ba?"

"Ina ganin gobe da safe."

Ya zo kuwa, in ba shi haƙƙinsa. Ya zo da takalmi da safa da takunkumi, yana tafe kamar soja. Ranar farko ya yi ta waƙa. Ranar da aka fito da bokitin ɗakin haihuwa ya juya bayan katanga ya amayar da kokon da ya sha. Babbar nas ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, a kawo maka kujera ne?" Ya ce ta kawo wa kakanta. Ya daure wasu kwanaki, ido jawur, abinci ba ya shiga. Ga lokacin noman fari, ciyawa ba ta jira, kuma shi ne mai tsara wa gandu aiki. Wata safiya bai zo ba. Da rana ɗan aiken dagaci ya zo ya ce ana nemana bayan la'asar.

Zauren a cike na same shi. Dagaci a kan buzu, liman a damansa, dattawan unguwa sun jeru a bango. Babban yana kusa da liman. Ƙaramin kuwa can bakin ƙofa, wajen takalma. Bayan gaisuwa dagaci ya ce an kawo masa kuka, wai ina neman raba gidan kawuna da takarda.

Ya ce, "Alhaji, masu duba aikin nan daga birni, suna yawan zuwa?"

"Ba sa yawan zuwa, ranka ya daɗe."

"Idan za su zo, ba a ji?"

"Kafin motarsu ta bar kwalta 'yan acaɓa sun kawo labari."

"To ran nan babban ya sa kayan ya tsaya. Sauran kwanaki gida ya yi yadda ya saba. Wa aka cuta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da tsoron masu dubawa ne, da ban ɓata wa kowa rai ba. Na san za a iya rufe musu ido har in mutu. Allurar da ke cikin kwali ce ba a iya rufe wa ido. Ita ba ta duba kati kafin ta soki mutum. Na sa hannu na ce duk wanda zai tsaya a bakin ramin nan an yi masa rigakafi. Ba gidan kawuna na ce ba. Mutum na ce."

Wani dattijo daga bango ya ce, "Ya je ya yi wa Larabawa shara, ya dawo yana kafa mana doka."

Na juya na ce, "Na yi, Baba, shekaru masu yawa. Da sunana na yi, shi ya sa na dawo da ƙafata har kake ganina."

Aka yi 'yar dariya, dagaci ya ɗaga hannu. Ya tambayi liman. Liman ya yi gyaran murya ya ce a shari'a lada na wanda ya yi aiki ne, kuma alkawarin da aka sa wa hannu amana ce. Ya ɗan tsaya, ya ce amma yanke zumunci ma babban abu ne, a duba. Kowane ɓangare ya gyaɗa kai, kowa ya ji nasa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, tun ɗazu ana maganar mutum, ga shi can zaune wajen takalma. A tambaye shi mana."

Dagaci ya yi kamar sai yanzu ya gan shi. Ya ce, "Kai, me ka ce?"

Ƙaramin bai ɗago ba. "Duk abin da Yaya ya ce, ranka ya daɗe."

Babban ya gyara zama. "To na ce. Gidanmu ya bar aikin. Bawan gidanmu ya je ya nemi wanda zai ƙona masa ƙazantarsa. Mun rayu kafin asibiti."

Wannan karon kalmar ba wasa a cikinta, kowa ya ji. Dagaci ya dube ni yana jiran in sauko. Na ce na ji, amma ba zan ba kowa gurbin ba sai an gama maimai, wato noma na biyu, ko wani zai sake tunani. Aka ce to wa zai ƙona sharar kafin nan? Na ce akwai wanda aka yi wa allurar tun a Jidda, takardarsa tana nan. Aka shafa fatiha aka watse ba wanda ya ba ni hannu sai liman.

Na rubuta wa ma'aikatar na sanar da su cewa ni zan riƙe aikin na ɗan lokaci. Na sayi takalmi daidai ƙafata. Kowace safiya mutanen da ke wucewa gona suka riƙa ganin Alhaji mai kamfani, da gemunsa fari a cikin takunkumi, yana jan kwalaye zuwa rami. Wasu su ce sannu da aiki suna danne dariya. Wasu su ce talauci ne ya kama ni, ina son in cinye albashin lebura. Matata ta ce na mai da ita abin nuni a gidan biki. Na ce ta gaya musu mijinta ya share asibitin da ya fi garin nan girma, bai ji kunya ba, balle wanda ake haifar jikokinsa a ciki. Inna, matar kawu, ta aiko a gaya mini ba ta taɓa zaton ɗan da ta goya zai shiga tsakanin 'ya'yanta ba. Wannan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na aika mata da goro da gaisuwa. Ban janye ba.

Ban je wurin ƙaramin ba, ban aika masa ba. Da na yi haka, da an ce na zuga shi, kuma da gaskiya aka faɗa. Mutum ne da hankalinsa, ya ji duk abin da aka ce a zaure.

Ana tsakiyar maimai ya zo. Na ɗago daga bakin rami na gan shi tsaye jikin katanga, fartanya a kafaɗa, kamar mai wucewa da ya tsaya hutawa. Muka gaisa. Ya daɗe yana kallon wutar.

Ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, allurar da aka yi wa Yaya ba ta kai gare ni?"

"Tsakanina da Allah, ba ta kai."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya cire silifas ya ɗaga mini tafin ƙafarsa, ya nuna gefen babban yatsa, ya nuna tafin hannu. Ya ce allurar shara ta sha sokarsa. Yakan matse jinin ya shafa toka ya ci gaba, hankalinsa kwance, tunda an yi wa gida. Ya tambaye ni yadda ciwon yake. Na gaya masa abin da na gani da idona: yana iya zama a jiki shekaru ba a sani ba, sannan ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba.

Ya ce, "Yarana ƙanana ne."

"Na sani."

"Idan ban dawo aikin ba, bana ba taki. Yaya ba zai faɗa ba, amma ba taki."

Ya jingine fartanyar da katanga, ya ce in raka shi wurin nas.

Ta ɗebi jininsa tukuna, ta ce sai an tabbatar ba ya ɗauke da ciwon. Kwanakin da muka yi muna jiran sakamako daga birni ban yi barcin kirki ba. Ya fito lafiya, alhamdu lillahi. Ranar da za a yi masa allurar ya naɗe hannun riga ya kau da kai kamar ƙaramin yaro. Nas ta ce, "Kai da allura ta saba da ƙafarka, yau kake tsoronta?" Ya ce, "Waccan ba na ganin zuwanta, Hajiya." Ya je Dawakin Tofa ya yi hoto, aka buɗe masa asusu, na aika sunansa ma'aikata da wurin inshora. Na ba shi takalmina, don na wansa bai dawo daga fadama ba.

Albashin farko da ya shigo, ya ciro shi duka, bai taɓa ko na goro ba. Ya kai wa wansa a zaure, ya durƙusa ya ajiye a gabansa. Wanda ya gani ya ba ni labari. Babban bai ko dubi wurin ba. Ya ce, "Ɗauki abinka. Mai albashi ba ya durƙusa wa manomi." Ƙaramin ya bar kuɗin a nan ya fita. Da yamma aka mayar masa har ɗaki. Wata na biyu ya sayi taki ya ajiye a ƙofar rumbu, buhunan suka kwana suka yini a nan har shi da kansa ya kwashe ya zuba a gonar gandu ba da izinin kowa ba. Babban ya gani, bai hana shi ba.

Da aka yi girbi aka ɗaure dammuna, babban ya kira liman da dattawa biyu. Ya raba hatsi, ya raba gona, aka dasa gamba a tsakani. Kowa ya shaida bai zalunci ƙanensa ba, har ɓangaren da ke da ɗorawa ya bar masa. Ƙaramin ya yi ta kuka yana cewa shi bai nemi rabuwa ba. Babban ya ce ya sani. Inna ta zauna a ɓangaren babban, tuwo yana zuwa mata daga tukunya biyu.

Ba zan ce kowa ya ci riba ba. Gonar da aka raba, kamar yadda ya faɗa, ba ta ciyar da kowa ita kaɗai. Babban ya ƙara da noman rani, yana kai albasa kasuwa, ya tsufa da wuri. Idan muka haɗu a masallaci yakan ce, "Barka da asuba, Alhaji," in amsa, shi ke nan. Na fi son zaginsa na da sau dubu. Akwai masu cewa da na kau da kai da har yanzu gidan yana haɗe, kuma mai yiwuwa ne. Amsata ɗaya ce, kuma na sha ba da ita a bakin kasuwa: ni aka ba amanar wanda zai tsaya a bakin ramin, kuma ba zan tsayar da ɗan kawuna a kan allurai da silifas don a ce gida yana lafiya ba. Wanda yake ganin na yi laifi ya zo in ba shi kwali ɗaya ya ɗauka da hannu.

Kwangilar ta bar hannuna tuni, ƙarfi ya ƙare, wani ne ke riƙe da ita. Da ya zo ya tarar da ƙaramin a kan aikinsa, da sunansa da takardar rigakafinsa, bai sami abin gyarawa ba. Gandun kawuna kuwa ya rabu a kakar nan, bai sake haɗuwa ba.